MAGANIZIYAM DA CIWON JIJJIGA: BAYANI A KAN SAKAMAKON BINCIKE DA HANYAR ISAR DA SHI GA HAUSAWA

1.0 Gabatarwa

A ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2025, mata kimanin 260,000 ne suka rasu a duniya a cikin shekarar 2023 ta dalilin ciki ko haihuwa. Daga cikinsu kimanin 75,000 'yan Nijeriya ne, wato fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na jimlar. Zubar jini shi ne kan gaba wajen jawo wannan asara, sai kuma cututtukan da suka danganci hawan jini, waɗanda mafi muninsu shi ne ciwon da ake kira jijjiga. Abin mamaki a nan shi ne, maganin da ke tsayar da jijjiga ba sabo ba ne, ba kuma mai tsada ba ne, domin an yi shekara ɗari ana amfani da shi. Wannan magani shi ne maganiziyam salfet.

Abin da ya jawo hankalin mai wannan maƙala ga batun, wani al'amari ne da ya faru a gabansa a unguwar G.R.A. ta Bauci, inda aiki ya kai shi. Matar maigadin gidan da yake haya, yarinya mai cikin fari, ta kwana biyu tana kukan ciwon kai, ga fuskarta da ƙafafunta sun kumbura. Da asubahin kwana na uku sai ta yanke jiki ta faɗi tana karkarwa. Mijin ya ce, “Malam, ai iska ce ta buge ta.” Wata maƙwabciya ta ce farfaɗiya ce, a sa mata cokali a baki. Wata dattijuwa kuma ta ce taune-taune ne, a yi mata hayaƙi. Sai da aka shafe fiye da awa ɗaya ana wannan ja-in-ja kafin a yarda a sa ta a mota. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta dubi mijin ta ce, “Baba, jijjiga ce,” ta kuwa haɗa allura nan take. Allah ya yi da sauran kwanan yarinyar a gaba, amma ɗan bai zo da rai ba. A cikin awa biyu an kira ciwo ɗaya da suna huɗu, kuma kowane suna da irin maganin da ya nuna.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana abin da bincike ya tabbatar game da maganiziyam da lafiyar mata masu juna biyu, da abin da bai tabbatar ba, musamman binciken da aka gudanar a Kano da Sakkwato da Bauci. Daga nan sai a dubi kalmomin da ake isar da wannan ilimi da su, domin a nan ne aikin likita da na manazarcin harshe suka haɗu.

2.0 Maganiziyam da Matsayinsa a Jiki

2.1 Asali

Maganiziyam ƙarfe ne fari marar nauyi, kuma shi ne na 12 a jerin sinadarai na asali. Sunansa ya samo tushe ne daga Maganisiya, wani yanki na ƙasar Girka. A shekarar 1755 Joseph Black ya nuna cewa ƙasar da ke ɗauke da shi daban take da farar ƙasa, sa'annan a 1808 Humphry Davy ya ware ƙarfen a Ingila. Masana'antu suna amfani da shi ta hanyoyi da dama, ciki har da tace ƙarfen taitaniyam, wanda ake yin ƙusoshin ɗorin ƙashi da turakun dashen haƙori da shi. Amma tun kafin a ware ƙarfen, mutane sun san ɗaya daga cikin haɗe-haɗensa. A garin Efsom na Ingila akwai wata rijiya mai ɗacin ruwa da ake sha don wanke ciki, kuma a 1695 Nehemiah Grew ya wallafa bayanin farin garin da ke saura idan aka ƙafar da ruwan. Wannan gari shi ne maganiziyam salfet.

2.2 Aikinsa a Jiki

Jikin baligi yana ɗauke da kimanin giram 25 na maganiziyam. Fiye da rabinsa yana cikin ƙashi, mafi yawan ragowar yana cikin tsoka da sauran sassa, abin da ke yawo a jini kuwa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ayyuka fiye da 300 na sarrafa abinci da samar da kuzari da gina jiki ba su gudana sai da shi. Wanda ya fi shafar wannan maƙala shi ne aikinsa a jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka. Kalsiyam shi ne ke buɗe hanya saƙo ya wuce, tsoka ta ɗaure. Maganiziyam kuwa abokin hamayyarsa ne, yana tare hanyar, saƙo ya ragu, tsoka ta saki. Ƙoda ita ce ke fitar da rarar maganiziyam ta fitsari. Ya kamata a riƙe waɗannan abubuwa biyu, domin a kansu amfanin allurar da haɗarinta suka dogara.

Mace baliga tana bukatar miligiram 310 zuwa 320 na maganiziyam a kullum, idan kuma tana da ciki bukatar takan kai 350 zuwa 360. Abincin Hausawa na gargajiya ba matalauci ba ne ta wannan fuska. Gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi duk suna da shi, haka ma ganyaye irin su zogale da alayyafo da kuka, saboda sinadarin da ke sa ganye ya yi kore maganiziyam ne a tsakiyarsa. Sai dai a hatsi mafi yawansa yana cikin dusa ne, saboda haka duk yadda aka tsananta surfe haka yake raguwa. Farar fulawa da farar shinkafa sun rasa mafi yawan nasu. Jiƙa hatsi har ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa gasarar koko, yana taimaka wa hanji wajen tsotse abin da ya rage.

3.0 Ciwon Jijjiga

3.1 Matakan Ciwon

Likitoci sun raba ciwon zuwa mataki biyu. Mataki na farko yakan bayyana ne bayan ciki ya wuce mako 20: awon jini ya kai 140 bisa 90 ko ya zarce, a kuma sami furotin a fitsari, ko wata alama ta taɓuwar ƙoda ko hanta ko ƙwaƙwalwa. Idan awon ya kai 160 bisa 110, to ciwon ya yi tsanani. A wannan mataki mace tana iya jin garau, tana kuma iya fama da matsanancin ciwon kai, da gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, da ciwo a saman ciki ta ɓangaren dama, da kumburin fuska da hannuwa. Mataki na biyu shi ne faɗuwar kanta: jiki ya sandare, sa'annan ya shiga karkarwa, haƙora su datse, numfashi ya sarƙe, hankali ya gushe. Wannan yana iya aukuwa kafin naƙuda, ko ana cikinta, ko bayan an sauka. Sunan da likitoci suke kiran wannan mataki da shi, ikilamsiya, daga kalmar Girkanci yake mai ma'anar walƙiya, saboda yadda abin yake zuwa bagatatan.

3.2 Tushen Ciwon

Bincike ya nuna cewa mabiyiya ce tushen ciwon. A farkon ciki, jijiyoyin jinin mahaifa sukan buɗe su yi faɗi domin isasshen jini ya kai ga mabiyiya. Idan wannan buɗewa ba ta cika ba, mabiyiya takan ƙarancin jini, sai ta riƙa sakin wasu sinadarai da ke lalata bangon jijiyoyin jinin uwa a ko'ina cikin jiki. Jijiyoyin su tsuke, jini ya hau, ruwa ya riƙa tsatsafowa cikin nama, ƙoda ta riƙa zubar da furotin. Idan abin ya kai ga ƙwaƙwalwa sai jijjiga ta biyo baya. Wannan ne ya sa warkewa ta haƙiƙa ba ta samuwa sai an raba uwa da mabiyiya, wato sai an haihu. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne masu cikin fari, da masu ƙarancin shekaru ko waɗanda suka manyanta, da masu cikin tagwaye, da masu hawan jini ko ciwon sukari ko ciwon ƙoda tun kafin ciki, da waɗanda suka taɓa yin ciwon a baya.

Girman matsalar a ƙasar Hausa ba sabon labari ba ne. A 1985 Kelsey Harrison ya wallafa nazarin haihuwa 22,774 da aka yi a asibiti a Zariya, inda ya nuna cewa mutuwa ta fi yawa ƙwarai a tsakanin matan da ba su yi awon ciki ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake kawo su. Wani nazarin da aka yi a kan asibitocin Jihar Kano daga 1990 zuwa 1999 ya ƙirga mutuwar mata 4,154 a cikin haihuwa 171,621, kuma jijjiga tana sahun gaba a cikin dalilan.

4.0 Tarihin Binciken Maganin

4.1 Daga Gwaji Zuwa Tsari

A 1925 Edmond Lazard ya ba da rahoton yadda ya yi wa masu jijjiga allurar maganiziyam salfet ta jijiya a wani asibiti na Los Anjalas a Amurka. A 1955 Jack Pritchard, wanda ya yi aiki a asibitin Parkland na birnin Dalas, ya fito da tsarin da har yau ake kira da sunansa. A 1984 shi da abokan aikinsa suka ba da rahoton mata 245 da aka yi wa magani a jere da wannan tsari, mace ɗaya ce kawai ta rasu. Frederick Zuspan kuma ya fito da wani tsarin na ba da maganin ta ƙarin ruwa. Duk da haka, har zuwa farkon shekarun 1990 ba a daidaita ba. Likitocin Amurka sun riƙe maganiziyam, na Ingila da ƙasashen da suka gaji tsarinta, har da Nijeriya, sun fi karkata ga dayazifam, wanda aka fi sani da sunan Valium, ko kuma fenitoyin, wato magungunan da ake kwantar da farfaɗiya da su. Hujjarsu ita ce, ba a taɓa gwada maganiziyam kafaɗa da kafaɗa da waɗannan ba.

4.2 Manyan Gwaje-gwaje Biyu

An warware wannan taƙaddama ne da gwaje-gwaje biyu da aka tsara daga Oksfod, ƙarƙashin jagorancin Lelia Duley, aka kuma buga sakamakonsu a mujallar Lancet. Na farko, wanda ya fito a 1995, ya ƙunshi mata 1,687 waɗanda suka riga suka faɗi. An raba su ta hanyar ƙuri'a domin kada son rai ya shiga. Aka tarar cewa maimaituwar jijjiga ta ragu da kashi 52 cikin 100 ga waɗanda aka ba maganiziyam idan aka kwatanta da dayazifam, ta kuma ragu da kashi 67 idan aka kwatanta da fenitoyin.

Na biyu, mai suna Magpie, ya fito a 2002, ya kuma amsa wata tambaya daban: shin maganin zai hana faɗuwar tun kafin ta auku? Mata 10,141 masu matakin farko na ciwon, daga ƙasashe 33, suka shiga gwajin. An yi wa rabi allurar maganiziyam, rabi kuma allurar da ba magani a cikinta. A rukunin farko mata 40 ne suka faɗi, a na biyu 96, wato haɗarin ya ragu da kashi 58 cikin 100. Kusan mace ɗaya cikin huɗu ta yi kukan wata damuwa, galibi jin zafi a fuska da jiki, amma ba a ga wata babbar illa ga uwa ko jariri ba. A kan waɗannan hujjoji ne Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2011, ta fifita maganiziyam salfet a kan sauran magunguna. A 2015 kuma ta ƙara da shawarar a ba da shi ga macen da za ta haifi bakwaini kafin mako 32, saboda yana rage wa jaririn haɗarin shanyewar gaɓoɓi ta dalilin raunin ƙwaƙwalwa.

4.3 Yadda Ake Ba da Shi

A tsarin Pritchard, ana fara ba da giram 14: giram 4 ta jijiya a hankali, sa'annan giram 5 a kowane ɗuwawu. Daga nan sai giram 5 duk bayan awa 4, har a cika awa 24 daga haihuwa ko daga faɗuwar ƙarshe. A tsarin Zuspan kuwa, bayan giram 4 na farko, ana ci gaba da giram 1 a kowace awa ta ƙarin ruwa. Tsarin Pritchard ya fi dacewa da asibitocinmu domin ba ya bukatar na'urar ƙayyade gudun ruwa.

Tun da aikin maganin shi ne rage saƙon da ke isa tsoka, idan ya yi yawa a jini yana iya kwantar da tsokar numfashi. Saboda haka kafin kowace allura ta gaba, ma'aikaci zai duba abubuwa uku: ƙafa tana zabura idan aka ƙwanƙwasa ƙasan gwiwa, numfashi bai gaza 16 a minti ɗaya ba, fitsari kuma bai gaza mililita 30 a awa ɗaya ba. Idan ɗaya ya saɓa, sai a dakata. Idan numfashi ya yi rauni, akwai makari, wato allurar kalsiyam gulukonet giram 1. Abin lura shi ne, duk waɗannan ba su bukatar ɗakin gwaji, ido da agogo da hannu sun wadatar. Haka kuma maganiziyam ba maganin hawan jini ba ne, dole a haɗa da wani maganin da zai saukar da jinin, a kuma shirya haihuwa.

5.0 Bincike a Arewacin Nijeriya

5.1 Kano

A 2008 ƙungiyar Population Council, tare da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da tallafin Gidauniyar MacArthur, ta shigar da maganiziyam salfet manyan asibitoci 10 na jihar. An horar da likitoci da ungozomomi, su kuma suka horar da na ƙasa da su, aka samar da maganin da taƙaitaccen bayanin yadda ake ba da shi. Jamilu Tukur na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsa sun wallafa sakamakon a 2013. A cikin shekara guda an yi wa mata 1,045 magani, kuma yawan masu mutuwa a cikin masu ciwon ya sauko daga kashi 20.9 cikin 100 zuwa kashi 2.3. Wato a da, a cikin mata biyar mace ɗaya ba ta komawa gida, bayan shigowar maganin kuwa sai a cikin arba'in da wani abu ake rasa ɗaya. Ba a gina sabon asibiti ba, ba a sayo wata na'ura ba.

5.2 Sakkwato

A Sakkwato, Bissallah Ekele da abokan aikinsa sun dubi matsalar ta wata fuska. Allura duk bayan awa 4 tana bukatar ma'aikata da magani, waɗanda ba kullum suke wadata ba. Sai suka gwada ba da giram 14 na farko kaɗai. A rahoton da suka buga a 2009, a cikin mata 121, fiye da kashi 90 cikin 100 ba su sake faɗuwa ba. Wannan bai soke cikakken tsari ba, amma ya nuna nauyin allurar farko. Ma'anarsa ita ce, ƙaramin asibitin ƙauye da ba zai iya riƙe mai jijjiga ba, yana iya yi mata allurar farko kafin a ɗora ta a mota. Manufar raba ayyukan lafiya da Nijeriya ta amince da ita a 2014 ta ba ma'aikatan lafiya na matakin farko da aka horar damar yin haka.

5.3 Bauci

Daga 2009 zuwa 2015 an gudanar da shirin TSHIP na kula da lafiyar mata da yara a jihohin Bauci da Sakkwato da tallafin gwamnatin Amurka. Wani bincike da aka buga a 2015 a kan cibiyoyin lafiya na jihohin biyu ya nuna cewa abin da ke hana amfani da maganin bai wuce yankewarsa a ma'ajiya ba, da ƙarancin ma'aikata, da rashin horo, da rashin rubutaccen bayani a inda ake aiki. Ma'aikacin da ya ji labarin cewa allurar tana tsayar da numfashi, bai kuma san alamomi ukun da aka ambata ba, zai gwammace ya koma ga dayazifam da ya saba. A nan ma, rabin matsalar ta bayani ce.

6.0 Matsalar Kalmomi

A 1994 Thaddeus da Maine suka bayyana jinkiri iri uku da ke halaka masu haihuwa: jinkirin yanke shawarar neman taimako, da jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Binciken Kano da Sakkwato ya shafi na uku ne. Na farko kuwa a cikin gida yake faruwa, kuma da Hausa ake yin sa. Akwai wurare huɗu da suka cancanci a dube su.

Na ɗaya, sunan ciwon. “Farfaɗiya” daga “faɗi” take, “taune-taune” daga “tauna”, “jijjiga” kuma daga motsin jiki. Dukkansu suna siffanta abin da ido ya gani ne, babu wadda ta danganta shi da ciki ko jini. “Iska” kuwa ta ambaci sanadi, amma sanadin da ke kai mutane wani wuri ba asibiti ba. Tun da “jijjiga” ta riga ta samu gindin zama a asibitoci da gidajen rediyo, abin da ya dace shi ne a ɗaure ta da abin da zai bambanta ta, a ce “jijjigar ciki”. Babban giɓin yana ga matakin farko, wanda ba shi da tsayayyen suna a bakin jama'a. Ciwon kai da kumburi abubuwa ne da aka saba gani ga mai ciki, ga kuma kunyar cikin fari da ke hana yarinya faɗin abin da ke damunta. Abin da ba shi da suna yana da wuyar kai ƙara. “Hawan jinin ciki” zai iya cike wannan giɓi, musamman idan ana biyo shi da bayanin cewa shi ne sharar fagen jijjiga.

Na biyu, kalmar “gishiri”. A ilimin haɗa sinadarai, maganiziyam salfet yana cikin ajin da ake fassarawa da “gishiri”, kuma mai fassara zai ga kamar ya dace ya ce “gishirin maganiziyam”. Amma a ɗakin haihuwa kalmar tana da wasu ma'anoni biyu. Akwai gishirin miya, wanda ake ce wa mai hawan jini ya rage. Akwai kuma “gishiri” na ungozoma da wanzami, wanda ake yi wa yankan gishiri. Nazarin da Tahzib ya buga a 1983 a kan mata 1,443 masu yoyon fitsari a Zariya ya danganta kashi 13 cikin 100 ga wannan yanka. Kwatanta maganin da kanwa ma bai dace ba, domin kanwa sodiyam ce ta cika ta, kuma tun a shekarun 1970 Davidson da Parry suka nuna a Zariya cewa yawan shan kunun kanwa da kwanciyar gadon wuta suna da hannu a ciwon zuciyar masu jego. Saboda haka “allurar jijjiga” ta fi tsira daga ruɗani, tana kuma faɗin aikin maganin kai tsaye.

Na uku, siffar kalmar aro. Hausa ba ta barin baƙin handa irin “g” ko “k” ya rufe gaɓa. A kalmomin asali yakan rikiɗe ya koma “u”, kamar yadda dokar Klingenheben ta bayyana a “talaka” da “talauci”. A kalmomin aro kuwa sai a saƙa wasali, kamar a “likita” da “sigina”. Wannan ne ya ba mu “maganiziyam”, wadda farkonta ya yi daidai da “magani”. Dacewar tana taimaka wa hadda, amma tana iya sa a zaci ƙwayoyin maganiziyam da ake sayarwa a kemis rigakafin jijjiga ne. Bitar da cibiyar Cochrane ta yi a 2014 a kan gwaje-gwajen shan maganiziyam lokacin ciki ba ta sami isasshiyar hujjar cewa yana hana ciwon ba. Allurar tana aiki ne domin tana ɗaga maganiziyam na jini ya ninka yadda yake a al'ada, abin da abinci ko ƙwaya ba za su yi ba, tun da hanji yana taƙaita tsotsa, ƙoda kuma tana zubar da rara. Abubuwan sha da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su don rigakafi su ne kalsiyam, a inda abinci ya ƙarance shi, da ƙaramin awo na asfirin ga masu haɗari, duka bisa umarnin ma'aikacin lafiya. Wajibi ne duk wani bayani da Hausa ya raba maganiziyam na abinci da na allura.

Na huɗu, kalmomi masu ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya. “Jijiya” tana nufin hanyar jini, da hanyar saƙo, da igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi, kuma bayanin wannan magani yana bukatar dukkan ukun: ta jijiyar jini ake yin allurar, a jijiyar saƙo take aiki, jijiyar gwiwa ake ƙwanƙwasawa. Haka “mahaifa” takan ɗauki ma'anar mazaunin ɗa da kuma abin da ke biyo shi. Idan aka ce wa miji mahaifa ce tushen ciwon kuma sai an fitar da ita, yana iya fahimtar cewa za a hana matarsa haihuwa har abada, ya ƙi sa hannu. Keɓe “mabiyiya” ga abin da ke biyo ɗa zai kawar da wannan tsoro.

7.0 Kammalawa

An ga cewa maganiziyam salfet ya fi sauran magunguna tsayar da jijjiga da hana aukuwarta, kamar yadda gwaje-gwajen 1995 da 2002 suka tabbatar, kuma aikin Kano na 2008 ya nuna cewa haka abin yake a asibitocinmu. An kuma ga cewa cin abinci mai maganiziyam yana da amfani ga jiki, amma ba ya maye gurbin awon ciki ko allura. Abin da ya rage shi ne saƙon ya isa cikin gida da kalmomin da ba su da harshen damo: mai ciki da ke fama da ciwon kai ko dishi-dishi ko kumburin fuska a kai ta a auna jininta a ranar, wadda ta faɗi a kwantar da ita ta gefen hagu, kada a sa mata cokali ko a ɗura mata wani abu a baki, kada a yi mata hayaƙi, a garzaya da ita inda ake allurar jijjiga. Addu'a ba ta hana tafiya, ana iya yin ta a cikin mota.

Shawarar da za a bayar ita ce, sassan nazarin Hausa na jami'o'i su haɗa kai da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Bauci, a tattara sunayen da ake kiran wannan ciwo da su a kare-karen Hausa daban-daban, a gwada kalmomin da aka gabatar a nan a bakin mata da mazajensu da ungozomomi, sa'annan a tsayar da waɗanda suka karɓu domin amfanin gidajen rediyo da makarantun horar da ma'aikatan lafiya.